Kuɗin wankau a asusun jami'a: nazarin kyautar Oseola McCarty

A watan Yulin 1995, Jami'ar Kudancin Misisipi da ke garin Hattiesburg a Amurka ta sanar da cewa wata dattijuwa 'yar shekara 87 ta ware mata dala 150,000 domin a riƙa tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. A lissafin jami'o'in Amurka wannan ba wani kuɗin a-zo-a-gani ba ne. Akwai attajiran da ke ba da ninkin-ba-ninkinsa, kuma ko a jaridar garinsu da ƙyar labarin ke fitowa. Wadda ta bayar ce ta sa zancen ya zaga duniya. Oseola McCarty baƙar fata ce, sana'arta wankau da guga, karatunta bai wuce aji shida na firamare ba, kuma makarantar da ta ba wa kuɗin ta shafe fiye da rabin ƙarni ba ta karɓar ɗalibi mai irin launin fatarta.

An haife ta a 1908 a jihar Misisipi, ta taso a Hattiesburg a hannun kakarta da mahaifiyarta da wata gwaggonta. Tana aji shida gwaggon ta kwanta ciwo, sai aka cire ta daga makaranta don ta yi jinya. Da ta ga sa'o'inta sun yi mata nisa, ba ta koma ba, ta kama aikin da ta tarar ana yi a gidan. Wanki take karɓa daga gidajen masu hali na garin, lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa, akasarinsu fararen fata. Takan dafa kayan a babbar tukunyar ƙarfe a bayan gida, ta cuɗa a kan allon wanki, ta shanya, sannan ta goge. A shekarun 1960 ta gwada injin wanki, ta ga ba ya fitar da kaya yadda take so, ta ajiye shi ta koma hannu. A farkon sana'arta dala ɗaya da rabi ko biyu ake biyan ta kan ƙunshin wanki guda, can daga baya ya kai dala 10. Haka ta yi wajen shekara 75, sai a ƙarshen 1994 ciwon gaɓɓai ya hana hannuwanta aiki.

Yadda kuɗin ya taru

Mutane da yawa sukan ba da labarin nan kamar wata karama ce ta auku. Lissafi ne kawai, sai dai lissafi mai tsada ga wadda ta yi shi. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ba ta taɓa mallakar mota ba, da ƙafa take zuwa cefane. Gidan da take ciki wani kawunta ne ya ba ta a 1947, saboda haka babu kuɗin haya a kanta. Kakarta ta rasu a 1944, mahaifiyarta a 1964, gwaggonta a 1967, kuma ɗan abin da suka bar mata banki ta kai. Duk abin da ya rage bayan abinci da wuta da baikon coci, can yake tafiya, ba ta kuma taɓa shi. Shekaru suka yi ta tafiya, kuɗin ruwan banki na hawa kan uwar kuɗi, har abin ya kai kimanin dala 250,000. Ma'aikatan bankin ne ma suka lallashe ta, bayan ta tsufa, ta sayi na'urar sanyaya ɗaki saboda zafin bazarar Misisipi.

Akwai dalilin da ya sa mace irinta ba ta da wata madogara sai ajiyarta. Dokar fanshon tsufa ta Amurka da aka kafa a 1935 ba ta haɗa da masu aikatau a gidaje da ma'aikatan gona da masu sana'ar kansu ba, sai a 1950 aka fara shigar da su. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da akasarin baƙaƙen fatar jihohin kudancin ƙasar ke yi. Wato shekarun ƙarfinta na farko duk ta yi su ne da sanin cewa ranar da hannu ya gaza, babu ofishin da zai tuna da ita. Kai kuɗi banki ma sai da ƙarfin hali a cikin al'ummarta. Bankin da aka kafa wa 'yantattun bayi a 1865 ya durƙushe a 1874 da ajiyar mutum fiye da 60,000, kuma tabon wannan asara ya daɗe a zukatan jikokinsu.

Da ta daina aiki, wani jami'in bankin Trustmark ya zauna da ita kan batun inda dukiyar za ta nufa bayan ranta. Maimakon ya cika ta da zancen kashi kaza cikin ɗari, sai ya ajiye mata sulalla goma a kan tebur, kowanne na senti 10, ya rubuta sunayen waɗanda ta ambata a 'yan takardu, ya ce ta raba. Ta ɗora ɗaya kan cocinta, Friendship Baptist. Ta ba 'yan'uwanta uku ɗaiɗai. Shidan da suka rage ta tura wa jami'a. Wani lauya da ta daɗe tana yi wa wanki ya shiga cikin maganar don a tabbatar ra'ayinta ne, ba wanda ya tursasa ta, sannan aka rubuta yarjejeniyar amana wadda ba a warware ta. Bankin zai riƙe dukiyar, ya riƙa ba ta abin kashewa duk wata har ƙarshen rayuwarta, bayan nan a raba kamar yadda ta tsara.

A ganina wannan zama na kan tebur shi ne ƙashin bayan lamarin, duk da cewa shi aka fi tsallakewa in ana ba da labarin. Tsofaffi masu ajiya irin tata suna da yawa, a Misisipi da ko'ina. Abin da ya saba faruwa shi ne mutum ya rasu babu wasiyya a rubuce, dukiya ta watse tsakanin dangi na nesa da lauyoyi da kotu. A jihohin kudancin ƙasar Amurka rashin wasiyya ya jawo wa iyalan baƙaƙen fata asarar gonaki masu ɗimbin yawa, domin gonar gado da ba a raba a takarda ba, magaji ɗaya kan iya sayar da kasonsa ga baƙo, baƙon kuma ya sa kotu ta yi gwanjon gonar baki ɗaya. Niyyar McCarty ta daɗe da ita, amma takardar ce ta mai da niyyar abin da za a iya aiwatarwa.

Sai kuma tsarin asusun kansa, wanda irin waƙafi ne. Ba a cin uwar kuɗi. Jami'a kan juya ta a hannun jari, ta riƙa kashe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara. Dala 150,000 ke nan za ta ba da tsakanin 6,000 da 7,500 duk shekara, abin da zai rage wa ɗalibai kaɗan nauyi, ba zai ɗauke shi duka ba. Ga kuma wata matsala: tunda sai bayan rasuwarta kuɗin zai shiga hannun jami'a, da an tsaya a kan takarda kawai ba za ta ga ko ɗalibi ɗaya da idonta ba. Nan ne 'yan kasuwar Hattiesburg suka tashi da gidauniya don su tara kwatankwacin abin da ta bayar, jama'a daga sassan ƙasar suka yi ta aiko da nasu, ɗaruruwan mutane, har abin da aka ƙara ya zarce nata. Tun a 1995 aka ba ɗaliba ta farko, wata 'yar garin da ta gama sakandare, tallafin dala 1,000. Yarinyar ta riƙe ta tamkar kakarta har ta rasu.

Makarantar da ta zaɓa

An kafa wannan makaranta a 1910 a matsayin kwalejin horon malamai, lokacin McCarty na da shekara biyu. Ta fararen fata ce zalla, bisa doka da kuma al'ada. Duk wanda ke son sanin nauyin kyautar 1995 sai ya san labarin Clyde Kennard.

Kennard ɗan yankin Hattiesburg ne, tsohon soja da ya yi aiki a Jamus da Koriya, ya kuma yi karatu a Jami'ar Shikago. Ya dawo gida don ya kula da gonar mahaifiyarsa, ya so ya ƙarasa digirinsa a kwalejin da ke kusa da shi. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1959 ya yi ta neman shiga ana hana shi. Shugaban kwalejin, William McCain, da hukumar da jihar ta kafa don kare wariyar launin fata suka yi ta neman hanyar da za su kawar da shi. A 1959, ranar da ya je makarantar kan batun rajista, aka kama shi da zargin tuƙin ganganci da ajiye barasa a mota. A 1960 aka ɗora masa laifin haɗa baki wajen satar abincin kaji na dala 25. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu fararen fata, minti goma kacal suka yi suna shawara. Aka yanke masa shekara bakwai a kurkukun Parchman, inda ake sa fursunoni aikin gonar auduga. Can ciwon dajin hanji ya kama shi, aka ci gaba da fitar da shi aiki. An sake shi a farkon 1963, ya rasu a Shikago ranar 4 ga Yulin shekarar. Sai a 2006 kotu ta wanke shi, bayan wanda ya ba da shaida a kansa ya fito ya ce ƙarya ya yi.

Duk wannan a garin McCarty ya faru, tana da shekara hamsin da 'yan kai, tana goge rigunan mutanen da ke cikin wannan tsari ko suke cin moriyarsa. Sai a watan Satumbar 1965 mata biyu, Raylawni Branch da Gwendolyn Elaine Armstrong, suka zama baƙaƙen fata na farko da suka shiga jami'ar. Bayan wata huɗu, a Janairun 1966, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsananin wariyar launin fata, suka cinna wa gidan Vernon Dahmer wuta a wajen garin saboda yana taimaka wa baƙaƙen fata su yi rajistar zaɓe, ya rasu sakamakon ƙunar da ya samu. Shekara 30 ke nan kacal tsakanin buɗe ƙofar makarantar da ranar da aka jera sulalla a kan tebur.

To me ya sa ba ta ba makarantun baƙaƙen fata ba? Tambaya ce mai kyau, domin Misisipi na da su: Rust da aka kafa a 1866, Tougaloo a 1869, Alcorn a 1871, Jackson State a 1877, da Mississippi Valley State a 1950. Su ne suka ilmantar da malaman makaranta da limaman coci da ma'aikatan jinya na al'ummarta lokacin da sauran ƙofofi ke garƙame, kuma dukansu sun fi Jami'ar Kudancin Misisipi buƙatar kuɗi. Amsar da ta riƙa bayarwa gajeruwa ce. Makarantar a garinsu take. Da can ba a barin baƙaƙe su shiga, yanzu ana bari, saboda haka ya kamata yaran su samu abin shiga. Ta kuma sa sharaɗi a rubuce cewa a fifita ɗalibai baƙaƙen fata masu buƙata.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin yafiya kawai ba, ko da yake haka jaridu suka fi son fassara shi. Doka ta buɗe ƙofa a 1965, amma kuɗin makaranta ya ci gaba da tare ta. Ɗan mai wanki ko jikan manomi da ke zaune a gidan iyayensa a Hattiesburg zai iya zuwa aji da safe ya dawo ya kwana gida, abin da ba zai yiwu ba in Jackson ko Lorman, inda Jackson State da Alcorn suke, zai tafi. Wannan shi ne ainihin abin da Kennard ya nema aka hana shi: ya yi karatu kusa da gonar uwarsa. McCarty ba 'yar gwagwarmaya ba ce, ba a san ta da zanga-zanga ba, amma inda ta ajiye kuɗinta daidai yake da inda aka tsayar da shi.

Sharaɗin fifita baƙaƙen fata ma ya zo a lokaci mai wuya. A 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke tallafin karatu da Jami'ar Maryland ta keɓe wa baƙaƙen fata kaɗai, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a watan Mayun 1995, wata biyu kafin sanarwar Hattiesburg. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jami'o'in gwamnati da dama a Amurka sun shiga sake rubuta sharuɗɗan irin waɗannan asusai, wani lokaci ba da son ran iyalan waɗanda suka bayar ba.

Ba ita ta fara ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ta kamar wata baƙuwar halitta a cikin al'ummar da aka saba gani da ƙoƙon bara. Tarihi ya nuna akasin haka. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, cocin AME na baƙaƙen fata ƙarƙashin Bishop Daniel Payne ya sayi Jami'ar Wilberforce a Ohio kan dala 10,000 da aka tara daga masu ibada. A 1871 mawaƙan Jami'ar Fisk suka fita yawon waƙa don ceto makarantarsu daga rufewa. A 1904 Mary McLeod Bethune ta buɗe makarantarta a Florida da dala ɗaya da rabi da 'yan mata biyar, tana sayar da gasasshen kek na dankali don ta biya bukatun makarantar. Madam C. J. Walker, wadda ta yi arziki da man gyaran gashi ta kuma tallafa wa kwalejin baƙaƙen fata ta Tuskegee da makarantar Bethune, ita ma da wankau ta fara a St. Louis.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne makarantun Rosenwald. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington, shugaban Tuskegee, aka gina makarantu kusan 5,000 ga yaran baƙaƙen fata a jihohin Kudu 15, har zuwa 1932. Sunansa makarantun suka ɗauka. Amma abin da baƙaƙen fatar ƙauyukan suka tara da kansu, kimanin dala miliyan 4.7, ya ɗara dala miliyan 4.3 da asusunsa ya bayar. Da kuɗin ƙwai da kaji da auduga da katako da aikin gayya suka haɗa shi. Misisipi na cikin jihohin da suka fi yawan waɗannan makarantu. Masanin tarihi James Anderson ya kira abin haraji biyu: sun biya harajin gwamnati da ake gina wa 'ya'yan fararen fata makarantu da shi, sannan suka sake zura hannu a aljihu don gina na 'ya'yansu. A cikin wannan tarbiyya McCarty ta tashi, kuma har yau wannan ɗabi'a ba ta gushe ba. Wani rahoton Gidauniyar Kellogg na 2012 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na gidajen baƙaƙen fata a Amurka na ba da gudummawa, abin da ke kaiwa kimanin dala biliyan 11 a shekara, duk da cewa a ƙididdigar babban bankin ƙasar ta 2022 dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa 44,900.

Akasarin wannan kyauta ta hannun coci take bi, ko ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ko kai tsaye zuwa ga ɗan maƙwabci da ya rasa kuɗin zangon karatu. Ofisoshin neman gudummawa na jami'o'i ba su cika ganin ta ba, don su jerin attajirai da tsofaffin ɗalibansu suke bi. McCarty ba ta cikin kowane jeri. Ba wanda ya je ya roƙe ta, ita ta aika.

Abin da ya biyo baya

Bayan jaridar New York Times ta buga labarinta a watan Agustan 1995, rayuwarta ta sauya. Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar girma a Fadar White House a shekarar. Jami'ar Harvard ta ba ta digirin girmamawa a 1996, ta riƙe tocilar wasannin Olamfik na Atlanta, ta kuma danna makunnin da ke sauko da ƙwallon sabuwar shekara a dandalin Times Square. A 1998 Jami'ar Kudancin Misisipi ta ba ta digirin girmamawa na farko a tarihinta. Matar da ta yi shekaru kusan ita kaɗai a gida bayan rasuwar gwaggonta, sai ga ta cikin jirgin sama da otal-otal, kuma ga dukkan alamu ta ji daɗin hakan. Ta rasu ranar 26 ga Satumban 1999 sakamakon ciwon dajin hanta, tana da shekara 91. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mai sunanta a jami'ar, da mutum-mutuminta.

Yabon ya dace da ita. Sai dai labari ne mai daɗin bayarwa ga kowane ɓangare, kuma daɗin nan nasa ne ke sa ni ɗar-ɗar. Masu ra'ayin a rage tallafin gwamnati sun same ta hujja cewa talaka in ya yi tattali ba ya bukatar kowa. Jami'ar ta samu sabuwar fuska a idon ƙasa, shekara biyu kacal bayan ta sa sunan Kennard a jikin wani gininta, tun kotu ba ta wanke shi ba. Ba kowa ya tsaya ya tambayi yadda aka yi mace ta yi aikin shekara 75 a kan dala biyu zuwa goma ba, ko kuma wane ne ya ci ribar arhar wannan aiki.

A daidai lokacin da ake ta shagalin karrama ta, wata shari'a na ta jan ƙafa a kotunan Misisipi. Jake Ayers ya shigar da ita a 1975 a madadin ɗansa da wasu ɗalibai, yana ƙarar jihar kan yadda take fifita jami'o'in fararen fata wajen rabon kuɗi. A 1992 Kotun Ƙoli ta ce jihar ba ta gama rusa tsarin wariya a manyan makarantunta ba. Sai a 2002 aka yi sulhu kan dala miliyan 503 da za a biya cikin shekara 17 ga Alcorn da Jackson State da Mississippi Valley State. Ayers bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1986. A cikin sulhun an gindaya cewa makarantun ba za su mallaki ikon juya asusun ajiyar da aka ware musu ba sai kashi 10 cikin ɗari na ɗalibansu sun zama waɗanda ba baƙaƙen fata ba, shekara uku a jere. Hukumar manyan makarantun jihar ta kuma yi alkawarin nemo musu dala miliyan 35 daga masu hannu da shuni. Da wa'adin sulhun ya zo ƙarewa, abin da aka tara a wannan asusu bai wuce kimanin dala miliyan ɗaya ba.